Ƙara kondensa ko gyara wayar giraun: wanne ke kashe ƙugin sifika?

Wani ƙanenmu daga Daura ya kawo tambaya a wannan zaure. Ya haɗa ƙaramin amfilifaya na TDA2030 da taransifoma mai 15V, dayod huɗu masu mayar da wutar AC zuwa DC da kondensa 2200µF mai tara wutar, amma sifika na ta ƙugi ko ba a kunna sauti ba. Shin ya sayo kondensa 10,000µF, ko ya sake jeren wayoyin giraun, wato wayoyin nagatif da wuta ke komawa ta kansu?

Ƙanena, cuta biyu ce mai kuka iri ɗaya, kowace da maganinta.

Wutarmu 50Hz ce, don haka bayan dayod huɗu kondensa na cika sau 100 a daƙiƙa, kamar randar da ake yi wa ƙari ana kuma ɗiba. Yawan faɗuwar wuta tsakanin cikawa biyu shi ne amfiyar da ake ja, a raba da 100, a sake rabawa da girman kondensa a farad (2200µF shi ne farad 0.0022). Idan ana jan 1A, 2200µF zai bar wuta tana hawa da sauka da kusan 4.5V, 4700µF kusan 2V, 10,000µF kuwa 1V. To in da ka ce sautin na shaƙewa ne idan ka ƙure murya, musamman da dare in wuta ta zo da rauni, da sai in ce ka ƙara kondensa. Amma TDA2030 yana zaune shiru kusan 40mA kawai yake ja. Yi lissafin da 2200µF ɗinka, faɗuwar ba ta kai 0.2V ba, kuma TDA2030 ɗin kansa yana tace mafi yawanta. Da wuya wannan ya zama mai laifin.

Giraun nake zargi. Kondensa ba ya shan wuta a hankali. A ƙololuwar kowane zagaye yake fizgarta cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, fizgar kuwa ta ninka abin da amfilifaya ke ja sau da yawa. Tana komawa ta wayar nagatif. Ɗauka wayar nan siririya ce mai 0.02 ohm, fizgar kuma 0.5A: ka sami 10mV a kanta. Idan giraun ɗin shigar sauti ya rataya a kan wannan wayar, amfilifaya zai ɗauki 10mV ɗin a matsayin sauti, ya ninka shi sau 33 kamar yadda aka saba haɗa shi, ya miƙa wa sifika. Abin da ke ba ni takaici shi ne masu gyara da yawa na ƙara kondensa a nan, alhali babban kondensa fizgarsa ta fi gajarta da ƙarfi, dayod da taransifoma su ƙara zafi, ƙugin kuma yana nan.

Gyaran ba ya cin ko naira. Waya gajera mai kauri daga dayod zuwa ƙafar kondensa, ita kaɗai. Daga ƙafar nagatif ka fitar da ɗan guntun waya zuwa mahaɗa guda, can nagatif ɗin sifika, giraun ɗin amfilifaya da na shigar sauti za su haɗu, kowa da wayarsa. Kada ka jera su bi da bi a kan layi ɗaya. Ka kuma nisanta wayar sauti daga taransifoma.

Idan daga baya ka so ƙari, 4700µF ya wadatar. Bayan dayod wutar na kaiwa kusan 20V, saboda haka ɗauki mai 35V, ka duba an rubuta 105°C a jikinsa, ba 85°C ba. Ƙarin zafi na digiri 10 na rage rabin rayuwar kondensa, kuma ka san yadda bazarar Katsina take cikin akwatin ƙarfe. Kafin ka kai dalma, cire filogi ka zuƙe wutar kondensan da rizisto.