Sharhi kan gyaran rage shan mai da aka yi wa tsohuwar RAV4 ɗina a Katsina

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, sannan ta haye dubu kafin ƙarshen 2024, duk mai tsohuwar mota da ke ja da ƙafa huɗu ya ji a jikinsa. Tawa Toyota RAV4 ce ƙirar 2004, 'yar Kwatano, mai injin lita 2.4, irin wadda ƙafafunta huɗu ke ja a kowane lokaci. Ina zirga-zirga da ita tsakanin Katsina da Daura, tafiyar kimanin kilomita 80, kuma da damina da ita nake shiga gona, inda rairayi da laka ba sa ɗaga wa ƙaramar mota ƙafa. Wannan ne ya hana ni sayar da ita, na gwammace in kai ta wani gareji a cikin Katsina da ke duba mota da kwamfuta.

Buƙatar da na je da ita ita ce a cire farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, don a rage shan mai, domin shawarar da kowa ke bayarwa ke nan a majalisa. Bakaniken ya ƙi. Ya ce: "Alhaji, in na cire maka ita, abin da za ka rage na mai ba zai sayi giyar da za ka ƙona ba." Bayaninsa ya gamsar da ni. A wannan ƙirar akwai giya a tsakiya mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, tare da wani sashe mai ruwa mai kauri da ke riƙe su idan ɗaya ya fara sulɓi. Idan babu farfela, wannan sashen ne zai ɗauki nauyin jan motar duka har ya yi zafi ya lalace, ga shi kuma nauyin ƙarfen baya yana nan daram. Na yaba masa ƙwarai a nan, domin da kuɗin aiki kawai yake nema, da ya kwance ta ya sallame ni.

Da ya jona kwamfuta, lambar da ta fara fitowa ita ce P0128, wadda ke nuna cewa injin ba ya kai zafin da ya kamata. Da aka buɗe, sai aka tarar babu tamostat sam, wato abin da ke tare ruwan lagireto har inji ya yi zafi, an kuma haɗa fanka kai tsaye tana juyawa da zarar an murɗa makulli. Wannan al'ada ta zama ruwan dare a garejojinmu, wai don ƙasarmu akwai zafi, alhali tamostat ɗin wannan injin yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma a kusa da wannan zafin injin ke ƙona mai yadda ya dace. Muddin ruwan lagireto bai yi zafi ba, ƙwaƙwalwar mota tana ɗauka yanzu aka tayar da ita, sai ta riƙa ƙara wa nozul mai, wato abin da ke fesa mai a inji. Wanda ya san sanyin safiyar hunturu a Katsina zai gane cewa mota irin wannan tana iya yin nisa a hanyar Daura allurar zafi ba ta ɗaga ba. A ganina wannan gyaran shi ne kashin bayan aikin duka, kuma shi ne mafi arha a cikinsu.

Abu na biyu kuwa da idona na gan shi. Ya ɗaga motar a jak, ya juya tayar baya ta hagu da hannu, ta tsaya cak kafin ta zagaya sau ɗaya, ita kuwa ta dama ta yi ta juyawa. Birki ne ke kamawa, ashe motar tana jan kanta da kanta ne. Ya kuma nuna mini cewa tayoyina na hannu ne mabambanta, biyu sun fi sauran tsayi, abin da ke sa giyar tsakiya aiki ba hutu ko a kan kwalta. Iskar taya kuwa ya ce in daina barin mai faci ya ƙiyasta da bugun ƙarfe, in bi adadin da kamfani ya rubuta a jikin motar.

Sauran aikin na yau da kullum ne. An canza fulogi da na'urar auna hayaƙi da ke jikin salansa, an zuba baƙin mai 5W-30 a maimakon 20W-50 mai kauri, an sabunta man giyar baya, an sa sabuwar matatar iska. Game da matatar ya faɗa mini gaskiya cewa ƙarfin tashi za ta ƙara, ba wani ragin mai na a zo a gani ba.

Ba na dogara da allurar tanki wajen awo. Nakan cika tanki a gidan mai guda, in rubuta kilomita, in sake cikawa in raba. Kafin gyaran lita ɗaya ba ta kai ni kilomita 7, yanzu kuwa tana kai ni wajen 9 a tafiyar Daura, matuƙar ban wuce gudun kilomita 100 a awa ba. A cikin gari, da cunkoso da esi a kunne, bambancin bai kai haka ba.

Akwai inda ban ji daɗi ba. An yi mini alkawarin yini guda, aikin ya ja kwanaki saboda sai daga Kano aka kawo na'urar auna hayaƙin, kuma ita kaɗai ta cinye kusan rabin kuɗin. Ba a ba ni takardar abin da aka saya ba sai da na matsa, wanda bai dace da wurin da ke aiki da kwamfuta ba. Duk da haka zan koma, kuma ina ba masu irin wannan mota shawarar su fara duba tamostat da birki da taya kafin su yarda a taɓa farfela. Wanda yake son ta sha mai kamar Corolla ba zai samu ba, domin nauyinta da ƙafa huɗunta suna da nasu rabon a kowace lita. Ni dai saura tayoyi biyu da zan saya su daidaita da na gaba kafin ruwa ya sauka.