Borrow da lend: wa ke karɓa, wa ke bayarwa?

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da ya sa malamin ɗanki ya ja jan biro a ƙarƙashin "borrow me your book", alhali haka kike jin mutane na faɗa kullum. Malamin na da gaskiya, amma yaron ma ba daga sama ya tsinto ta ba.

Kalmomin biyu abu ɗaya suke bayani, sai dai kowacce da ɓangaren da take tsayawa. Borrow ta mai karɓa ce, lend ta mai bayarwa. Idan littafin ya fito daga hannunki zuwa na wani, lend kika yi. Idan ya shigo hannunki da niyyar ki mayar, borrow kika yi. Shi ya sa borrow ke tafiya da from, lend kuma da to. A watan Afrilun 2020 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, ya amince wa Nijeriya dala biliyan 3.4 saboda annobar korona. Ɗan jarida zai iya rubuta "Nigeria borrowed from the IMF", ko ya juya ya ce "the IMF lent to Nigeria". Kuɗin ɗaya ne, inda mai magana ya tsaya ne ya bambanta.

Abin da ke rikita mu shi ne, a Hausa saiwa ɗaya ce ke ɗaukar aikin biyu. "Na ari littafi" da "na ara masa littafi", ƙarshen kalmar kawai ya sauya. Haka "na ranci kuɗi" da "na ranta masa kuɗi". To yaron da ya saba cewa "ara mini", da ya ji an ce aro shi ne borrow, sai ya ɗora "borrow me". Ga Turancin Buroka kuma na mara masa baya, don a can hakan daidai ne, ba mai ɗaga ido. A ganina ba abin a yi masa faɗa ba ne. A nuna masa cewa a takardar WAEC ko NECO hanya biyu ce gare shi: "lend me your book", ko "can I borrow your book?" Ta biyun ma ta fi ladabi.

Akwai inda mu Hausawa muka fi Turawa tsefewa. Mun raba aro da rance: tabarmar da kika aro ita ɗin za ki mayar, gishirin da kika ranto kuwa kwatankwacinsa za ki biya. Turanci bai damu da wannan ba, borrow ta haɗe duka, daga tsani har bashin banki. Sai dai in kaya ne da ake biyan kuɗi a yi amfani da su, kamar rumfa da kujerun biki, wannan haya ce, rent ko hire za a ce.

Ki kula masa da wucewar lokaci: borrowed ce, amma lend tana komawa lent, babu "lended". Ita kuwa loan, wadda ma'aikata suka fi sani, sunan bashin ne shi kansa, kodayake Amurkawa kan yi aikatau da ita su ce "loan me". Can ma matsayin lend take riƙewa, ba na borrow ba.