Na'urar sauraron Sabon Alkawari da na saya wa mahaifiyata a Sabon Tasha

Wata bakwai ke nan da na sayi wata 'yar na'urar sauraron Littafi Mai Tsarki mai aiki da hasken rana a wani shagon littattafan Kirista da ke Sabon Tasha a Kaduna, kuma tun da 'yan ikilisiyarmu da dama suna tambayata ko ta cancanci kuɗinta, na ga ya dace in rubuta abin da muka gani. Mahaifiyata na saya wa. Yanar ido ta hana ta karatu tun kafin mahaifinmu ya rasu, bayan jana'izarsa kuwa sai ta daina fita, ta daina zuwa Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya, har abincin da ake kai mata ɗaki sau da yawa yadda aka kai shi haka ake fitowa da shi.

Na'urar ba ta fi tafin hannu girma ba. Tana ɗauke da Sabon Alkawari gaba ɗayansa da Hausa, littattafai 27 masu sura 260, a bayanta kuma akwai farantin sola, abin da ya yi mana amfani ƙwarai a unguwar Narayi inda wuta ba ta da tabbas. Mai karatun yana da murya a natse, ba ya gaggawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsofaffinmu na kudancin Kaduna, domin tun 1932 aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma Mama, duk da cewa Bajju ce, da Hausa ta koyi addu'a, da ita kuma aka yi mata baftisma.

Ranar da na kai mata, abin da ta fara ce mini shi ne: "Ɗana, nemo mini wurin da Fasto ya karanta a bakin kabarin Babanku." Sura ta 15 ce ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, mai aya 58, inda manzon ya ce Almasihu ya tashi a rana ta uku, ya bayyana ga 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya, sannan Bulus ya kwatanta jikin mamaci da ƙwayar iri da ake shukawa cikin rauni ta tashi cikin iko. Ranar jana'iza kuka bai bar ta ta ji komai ba. Yanzu kuwa ta saurari surar ta sake saurara, har wata safiya ta ce mini ashe shuka aka yi da Babanmu, kuma ita da ta girma a gona ta sani mai shuka ba ya komawa ya tone kunya don ya ga ko irin yana nan. Daga baya ta kama sura ta 11 ta Yohanna, labarin Li'azaru wanda ya kwana huɗu a kabari, kuma abin da ya fi taɓa ta shi ne Yesu ya yi hawaye alhali ya san zai ta da shi. Tun daga nan ta daina jin kunyar kukanta, ta kuma daina ɗaukarsa alamar rashin bangaskiya.

Ba zan ce na'ura ce ta sāke mahaifiyata ba, domin ta gaskata da tashin matattu tun tana budurwa. Abin da na'urar ta yi shi ne ba ta damar jin maganar da tsakar dare, lokacin da kewa ta fi tsanani, ba tare da ta tashi kowa daga barci ba. Sauran na gani da idona. Ta koma Zumuntar Mata, yanzu ita ce kan gaba wajen zuwa gidajen makoki da gaishe da marasa lafiya. Ta kuma kira ƙanen Babanmu, wanda suka daɗe ba sa ga-maciji a kan wata gona, ta ce masa ya ci gaba da nomansa, ita ba za ta tsaya gaban Ubangiji da gaba a ranta ba.

Na'urar tana da nata aibin. Maɓallanta ƙanana ne kuma duk siffarsu ɗaya, abin da bai dace da kayan da aka yi domin masu raunin gani ba, sai da na manna gam a kan na kunnawa don Mama ta gane shi da yatsa. Kafin a kai ga surar da take so sai an danna sau shida a tsallake littattafai, a sake dannawa sau goma sha huɗu a tsallake surori, kuma ba a iya zaɓar aya. A lokacin hazo cajin rana ba ya isa, dole a haɗa da na wuta. Muryarta ta ishi ɗaki, amma a tsakar gidan makoki sai mutane sun matso.

Masu shagon sun kyauta, domin yarinyar da ke sayarwa ta gwada mini ita a gabana, ta kuma nuna mini yadda ake komawa farkon sura ba tare da ta ƙosa ba. Duk mai tsoho ko majinyaci a gida, ina ba shi shawara ya saya, amma ya tambaya ko akwai mai haɗe da Tsohon Alkawari. Mama tana neman Zabura ta 23, ni ma na bar musu saƙo su sanar da ni idan irinta ta iso.