Karɓar kuɗin tallafi a gidan waya ana gobe hutu, abin da ya same mu

Ni nake raka mahaifiyata gidan waya duk mako ta karɓi kuɗin tallafinta na tsofaffi, kuma gaskiya ban taɓa samun abin ƙorafi ba sai wannan hutun na ƙarshen shekara. Ranar biyanta ta faɗo daidai 25 ga Disamba, to na san ka'idarsu idan ranar biya ta haɗu da hutu sukan biya kafin ranar, shi yasa muka shirya zuwa 24. Abin da babu wanda ya gaya min shi ne rabin wuni suke yi ranar.

Mun isa sha biyu saura, layi har ya fito waje ya zagaya, don masu ranar 25 da masu 26 duk an tara su lokaci ɗaya ga masu aika saƙo da kaya su ma a layin. Taga uku ce amma ɗaya kawai ke aiki wlh. Kujera biyu rak a wajen da yawancin masu jira tsofaffi ne, Mama ta tsaya sama da awa guda tana dafe da kafaɗata, ina jin yadda hannunta ke rawa tana ce min ba komai, alhali na san ciwon gwiwar nan ne. Ƙarfe ɗaya na bugawa aka ja ƙofa, mu da ƙyar muka tsallake ciki.

Amma matar da ke taga, Allah ya saka mata da alheri. "Sannu da tsayuwa Mama, ku yi haƙuri" ta fara cewa kafin ma ta karɓi katin. Da ta ƙirga kuɗin na ga sun ninka sai na fara murna na ɗauka ƙari aka yi saboda hutu, ta ce a'a 'yar'uwa, na mako biyu ne aka haɗa, mako mai zuwa babu biya, ta juya rasit ta rubuta mana ranar dawowa da biro. Da ba ta faɗa ba da mun kashe su a kwana huɗu mun zauna babu ko kuɗin magani. Ita ce ma ta gaya min akwai fom ɗin wakilci da za a cike in riƙa karɓar wa Mama da katinta da shaidata ba sai na jawo ta ba. Shekara biyu ina zuwa wajen nan ba wanda ya taɓa ambata min wannan fom.

Kuma nan ne raina ya sake ɓaci. Sanarwar canjin lokacin ashe tana nan, 'yar takarda an manna a gefen gilas da ƙananan rubutu, ni da ke da ido ban gan ta ba balle tsohuwa. Me zai hana a faɗa da baki tun makon da ya gabace shi, ko a buga a jikin rasit?

Da muna fitowa akwai wani dattijo a bakin ƙofa yana ɗaga katinsa ta gilas yana roƙo a buɗe, aka ce masa sai bayan hutu, kuɗinsa na nan ba za su ɓata ba. Eh suna nan, amma kwana biyu zai yi hannu wayam. Matar taga na ba ta tauraro biyar, tsarin nasu kuwa biyu ma na yi musu kara.