TaxPro-Max: ya ƙware a karɓa, yana jan ƙafa a mayarwa

Tun watan Yunin 2021 hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta mayar da shigar da bayanan harajin kamfanoni kan shafin TaxPro-Max. Dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta sauya sunan hukumar zuwa NRS, amma abin da ake nema daga mai kamfani yana nan: lambar shaidar mai biyan haraji (TIN), adireshin imel mai aiki, da lissafin da ba ya karo da juna.

Aikin wata-wata shi ne VAT, harajin da ake ɗorawa kan cinikin kaya da ayyuka, kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020. Za ka shiga shafin, ka zaɓi watan, ka loda jadawalin cinikinka, na'ura ta fitar da abin da ake binka tare da lambar biya, sai ka biya ta banki ko ta intanet kafin 21 ga wata mai bi. Idan takardunka a shirye suke, ba ya cin awa guda. A nan dole a yaba. Zaryar ofis ta ragu, kuma hannun da kuɗin ke bi ta cikinsa ya ragu, wanda duk ɗan kasuwa ya san ma'anarsa.

Inda ake tuntuɓe shi ne harajin da ake zaftarewa tun kafin a biya ka kuɗin kwangila. A ƙa'ida wannan ajiya ce, za a rage maka ita daga harajin shekara. To amma ba za ta bayyana a shafinka ba sai wanda ya zaftare ya miƙa wa hukuma da lambar TIN ɗinka daidai. Ya kuskure lamba ɗaya, ko ya riƙe kuɗin, kai ne da bin sawu. Saboda haka ka rubuta TIN a kan kowace takardar neman biya, ka nemi shaidar miƙawa tun cinikin na da ɗumi, kada ka bari sai lokacin neman takardar shaidar biyan haraji.

Tara kuwa ba ta jiran kowa. Kafin dokokin haraji na 2025 su sauya adadin, dokar kuɗi ta 2019 ta sa naira 50,000 a watan farko na jinkirin VAT, da 25,000 kowane wata bayansa, ko da ba ka yi cinikin sisi ba, muddin ba ka shigar da bayanin cewa babu ba. Kada ka kai 20 ga wata. Lokacin ne kowa ke rububi, shafin ya yi nauyi.

Masu cewa haraji ƙwace ne da sunan doka suna da abin nunawa a nan: kuskurenka na'ura ke hukuntawa nan take, kuskuren wani a kanka kuma sai ka yi ta rubuta wasiƙa. Amma wannan ba jangali ba ne, wanda ake ƙirga shanu a karɓa ko makiyayi ya samu ko bai samu ba, har Abubakar Rimi ya soke shi tare da harajin kai a Kano a 1979. Harajin kamfani kan riba ake lissafa shi, kuma dokar 2019 ta yafe shi ga kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba (dokokin haraji na 2025 sun sauya wannan iyaka), sai dai yafewar ba ta ɗauke masa shigar da bayanan shekara cikin wata shida bayan rufe lissafi ba.