Gizo ko yaran unguwa: wa ya fi dacewa da labarin ƙiriniya?

Malama, kin ce kina son rubuta wa 'yan firamare labarin ban dariya na abokai masu ƙiriniya, kina tambaya ko ki gina shi kan dabbobin tatsuniya ko kan yara 'yan Adam. Ni dai yara zan ce ki ɗauka.

Gizo ba ya da aboki, duk wanda ya raɓe shi sai ya yi kuka. Hankaki suka ara masa gashi suka kai shi ɓauren tsakiyar ruwa, yana isa ya fara "wannan nawa ne, wancan ma ni na fara gani", har suka fusata suka tsige gashinsu suka bar shi can. Shi ne ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowacce tana zaton da shi take ja. Ko Ƙoƙi ba ta tsira ba. Cikinsa kawai yake yi wa aiki. Amfaninsa a wurinki shi ne yara sun riga sun san shi, da kin ce "ga ta nan ga ta nanku" kin gama gabatarwa, kuma ko Kura ta sha dukan kawo wuƙa ba mai jin tausayinta. Sai dai rabin dariyar Gizo a bakin mai ba da labari take, tsamin bakin nan nasa da kwaikwayon murya. A takarda sai ta yi sanyi.

Su kuwa yara, dariyar daga tsakaninsu take fitowa. Ki samu uku: mai kitsa abin, matsoracin da ake ja dole, da wanda dariya ke tona musu asiri. Ki ajiye su a Argungu ana shirin bikin kamun kifi, wanda aka fara tun 1934. Kakan ɗayansu masunci ne mai cika baki, kullum labarin giwan ruwan da ya taɓa kamawa a kogin Matan Fada. Suka faki idonsa suka cika masa gora da kwaɗi. Tsoho ya jijjiga gora, ya ji motsi, ya kira maƙwabta su zo su gani. Na ukun nan tuni ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Gizo ba zai ba ki wannan ba, don shi ba ya da wanda zai zungura da gwiwar hannu.

Inda yaran suka fi wuya shi ne kwaikwayo. Ba yaron da zai nemi aron gashin hankaka, amma kwaɗo a gora gobe sai ki gan shi a gidanku. Don haka ki zaɓi wanda za a tsokana: kaka ko taubashi, waɗanda al'ada ta ba da damar wasa da su. Makaho, almajiri da mai taɓin hankali ki bar su kurum. In kina son fili mai faɗi, ki kai labarin lokacin tashe, bayan goma ga azumi.

Abu ɗaya za ki ara wurin Gizo, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Kaka ya gano su, ya sa su mayar da kwaɗin rafi ɗaya bayan ɗaya. Kuma ki bar su su yi maganar gida. Da aka kama mai kitsawar, kada ya ce "ba ni ba ne", ya ce "wallahi ba ni na ba!"