Na'urar da ta raba mini fenakait da kwaz

Na daɗe ina saye da sayar da duwatsu a Jos, kuma ido da ɗan gilashin ƙara girma su ne duk kayan aikina. Bara bayan ƙaramar salla na sayi rifraktomita, na'urar da ke auna yadda haske ke karyewa idan ya shiga cikin dutse. Irin mai arahar nan ce da ake shigowa da ita daga Sin, ba ta fi tafin hannu ba, da fitilarta mai ruwan ɗorawa a ciki, da ɗan kwalban ruwan awo ɗaya.

Abin da ya sa na saye ta, wani dutse mai daraja ne da ake kira fenakait. Wani ɗan haƙa ya kawo mini fararen duwatsu cikin ƙullin leda, ya ce, "Alhaji, kwaz ne, ka ba ni abin da ya sauwaƙa." Guda uku daga ciki sun tsaya mini a rai. Garau suke kamar ƙanƙara, amma gajeru ne, ba su da dogon tsinin nan na kwaz, wato farin dutsen nan mai araha mai kama da gilashi, kuma sheƙinsu ya fi kaifi. Ana samun fenakait a nan Filato, na sha jin labari, sai dai sunansa ma daga kalmar Girkanci ta "mayaudari" aka samo shi, saboda yadda yake ruɗar mutane su ɗauka kwaz ne. A shekarar 1833 aka fara bayyana shi, daga ramukan zumurrudu na tsaunukan Ural a Rasha. Sinadarin beriliyom ne da silikon da iskar oksijin. Taurinsa tsakanin 7.5 da 8 ne a ma'aunin Mohs, na kwaz kuwa 7, tazarar da karce ba zai tabbatar maka da ita ba sai ka ɓata dutse.

Na'urar ba ta karanta gurgujen dutse, wato wanda ba a yanka an goge ba. Sai da na kai ɗaya wurin mai yanka ya goge mini ɗan fili sumul a gefe. Na ɗiga ruwan awon kamar kan allura a kan gilashin na'urar, na kwantar da dutsen, na rufe, na leƙa. A kan ma'aunin lambobi da ke cikin na'urar, inuwa ta sauko ta tsaya a 1.654. Da na riƙa juya dutsen a hankali ina murɗa ɗan matacin hasken da ke kan bakin leƙawa, sai layi na biyu ya fito, yana hawa har ya kai 1.670, na ƙasan kuwa bai motsa ba ko kaɗan. Kwaz yana tsayawa ne tsakanin 1.544 da 1.553, farin tofaz kuma bai wuce wajen 1.62 ba. Na zauna shiru na ɗan lokaci, domin da ido kaɗai da na zuba su cikin buhun kwaz na sayar a kan kilo. Daga baya na auna nauyinsa a iska da cikin ruwa, ya ba ni kusan 2.96, alhali kwaz 2.65 ne. Washegari na nemo yaron na cika masa kuɗinsa.

A wannan aikin na'urar ta biya ni. Na gwada ta da kwaz ɗin da na tabbatar da shi, ta faɗi daidai, kuma layin inuwar yana fita sarai idan ɗaki ba haske da yawa.

Amma akwai abin da ya ɓata mini rai. Gilashin da ake ɗora dutse a kai laushi gare shi ƙwarai, kuma takardar da ta zo cikin kwalin ba ta yi gargaɗi ba. A mako na biyu ƙanena ya ja wani yakutu a kai da hantsaki, ya bar karce, yanzu sai na kauce wa wannan gefen. Da yatsa ake ɗorawa, a ɗaga a hankali. Ruwan awon kuma wari gare shi mai hawa kai, guba ne, ba a son ya taɓa fata, kuma in ka manta ba ka goge ba sai ya bushe ya bar ɓurɓushi a gilashin. Kwalban ƙarami ne, samun wani a nan kuwa sai da na jira mai zuwa Bankok.

Iyakar abin da na'urar ke iya karantawa 1.81 ne. Zarkon da daimon sun fi ƙarfinta, duhu kawai za ka gani. Tomalin, akwamarin, tofaz da yakutun Mambila duk tana karanta su.

Wanda sana'arsa gurgujen dutse ce zalla, kuma ba shi da mai goge masa fili kusa, ya fara sayen sikeli mai kyau tukuna. Wanda yake hulɗa da yankakkun duwatsu kuwa, ya saye ta, ya kuma haɗa da kwalban ruwa biyu tun daga farko.